Me Ya Sa Sarakunan Danmak Ke Kwance a Roskilde Alhali Fadarsu Tana Kofanhegan?

Ɗalibin Ilmi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan wani tsohon gari na ƙasar Danmak mai suna Roskilde, wanda ke tsibirin Sjælland, kimanin kilomita 30 yamma da babban birnin ƙasar, Kofanhegan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, garin ba babba ba ne, domin mazaunansa ba su wuce dubu hamsin da 'yan kai ba, amma a cikin babbar majami'arsa ne aka binne sarakuna da sarauniyoyin Danmak kusan arba'in, kuma har yanzu al'adar ba ta yanke ba. Tun da fadar sarki da majalisa da duk ma'aikatun gwamnati suna Kofanhegan shekaru ɗaruruwa, mene ne ya sa gidan sarauta bai gina makabartarsa kusa da fadarsa ba, sai dai a ɗauki gawar sarki a kai ta wani ƙaramin gari da ke bakin ruwa?

Tambayata ta biyu ita ce, wanda ya sami yini ɗaya tak a garin, da me ya kamata ya fara, kuma wane abu ne bai kamata ya bari ya wuce shi ba? Ina neman bayanin da zai sa mutum ya fahimci abin da yake kallo, ba jerin sunayen gine-gine kawai ba. Allah ya saka wa wanda ya taimaka da alheri.

Malam Mai Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Amsar tambayarka ta farko a taƙaice ita ce Roskilde ta riga Kofanhegan girma da daraja, har ma akwai zamanin da Kofanhegan take mallakar bishop ɗin Roskilde, don haka lokacin da mulki ya tashi ya koma bakin teku, kabarin magabata ya riga ya kafu a inda yake. Amma wannan taƙaitawa ba za ta gamsar da kai ba sai an bi labarin daga tushe.

Garin ya fara bayyana a tarihi a ƙarshen ƙarni na 10, a zamanin Sarki Harald, wanda ake yi wa laƙabi da mai shuɗin haƙori, kuma shi ne wanda ya sa aka rubuta a kan dutsen Jelling cewa ya haɗa kan Danmak ya kuma shigar da mutanenta addinin Kirista. An ruwaito cewa ya gina majami'ar katako a kan tudun da babbar majami'ar take a yau, kuma a can aka binne shi bayan mutuwarsa a wajejen shekarar 986. Wurin ya dace da bukatar sarki na wancan zamani, saboda yana can ƙarshen wani dogon mashigin teku mai ƙunci da rashin zurfi, wanda jirgin abokin gaba ba zai iya ratsawa cikin sauri ba, ga kuma maɓuɓɓugan ruwa masu yawa a gefen tudun. Kafin shekarar 1030 garin ya sami bishop nasa, kuma Estrid, 'yar'uwar Sarki Knud Babba wanda ya mulki Ingila da Danmak tare, ta sa aka gina majami'ar dutse a madadin ta katako, bayan an kashe mijinta Ulf a cikin majami'ar bisa umarnin ɗan'uwan nata.

Mutumin da ya fi kowa barin tambari a garin shi ne Absalon. A shekarar 1157 mutum uku ke takarar sarautar Danmak, wato Svend da Knud da Valdemar, sai aka shirya liyafar sulhu a Roskilde, amma mutanen Svend suka far wa baƙin, aka kashe Knud, Valdemar ya tsira da rauni. Kafin shekarar ta ƙare Valdemar ya ci Svend da yaƙi ya zama sarki shi kaɗai, a 1158 kuma Absalon, wanda suka tashi gida ɗaya da shi, ya zama bishop ɗin Roskilde. Absalon malamin addini ne da ya yi karatu a Faransa, kuma jarumi ne da ke jagorantar jiragen yaƙi da kansa. Sarki ya ba shi wani ƙauyen masunta da 'yan kasuwa a gabar gabas mai suna Havn, ya gina ganuwa a can a 1167, daga baya ya bar wa kujerar bishop ɗin Roskilde ƙauyen. Wannan ƙauye shi ne ya zama Kofanhegan, kuma bai dawo hannun sarauta dindindin ba sai da Sarki Erik ya ƙwace shi a 1417. Ka ga kenan shekaru kusan ɗari biyu da hamsin, mai faɗa a ji a Kofanhegan yana zaune ne a Roskilde.

Absalon ne kuma ya fara gina majami'ar da ake gani yau, a wajejen 1170, da jan bulo gasasshe, wanda a lokacin sabon abu ne a ƙasar da ba ta da wadatar dutsen gini. Ba a gama ainihin ginin ba sai bayan fiye da shekara ɗari, kuma a tsakiyar aikin magadansa suka sauya tsarin, suka bar salon bakuna masu zagaye suka koma salon Gotik mai tsini da tsawo da aka gani a arewacin Faransa. Wannan ne ya sa ake lissafa ta cikin majami'un farko na salon Gotik da aka yi da bulo, kuma yana cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta saka ta a jerin kayan tarihi na duniya a 1995.

Sai dai fa, kada ka ɗauka tun daga Harald ake binne kowane sarki a can. Valdemar da 'ya'yansa suna kwance a Ringsted, Absalon kansa yana Sorø. Abin da ya juya al'amarin shi ne gawar Sarauniya Margrete ta Farko, wadda ta haɗa Danmak da Norwe da Suwidin ƙarƙashin kambi ɗaya a Kalmar a 1397. Ta rasu a 1412 aka binne ta a Sorø kusa da mahaifinta, amma a shekarar da ta biyo baya bishop ɗin Roskilde, Peder Jensen Lodehat, wanda ya daɗe yana yi mata hidima, ya ɗauko gawar ya kawo majami'arsa, duk da cewa sufayen Sorø ba su so ba. A ganina wannan ɗauko gawa shi ne aikin siyasa mafi tasiri da aka taɓa yi wa garin, domin daga ranar da mace mafi girma a tarihin arewacin Turai ta kwanta a bayan bagaden majami'ar, duk sarkin da ke son a danganta shi da ita ya san inda zai nemi makwanci. Christian na Farko, wanda ya kafa gidan Oldenburg a 1448, ya gina ɗakin kabari na kansa a jikin majami'ar. Sarakuna uku da suka biyo bayansa an binne su a Odense da Slesvig, amma daga Christian na Uku, wanda ya rasu a 1559, babu sarkin da ya mutu da ba a kai shi Roskilde ba.

Abin lura shi ne wannan Christian na Uku shi ne wanda ya karya garin. A 1536 ya kama bishop-bishop na Katolika, ya mayar da ƙasar kan tafarkin Luther, wato ɗarikar Furotesta, ya ƙwace gonaki da dukiyar coci, kujerar bishop ɗin Sjælland kuma ta koma Kofanhegan. Garin da a da yake da majami'un unguwa fiye da goma da gidajen sufaye da dama ya wayi gari ba shi da abin da ke ciyar da shi, aka rushe yawancin gine-ginen aka kwashe bulonsu. Babbar majami'ar ta tsira ne saboda sarakuna suna bukatarta, kuma Roskilde ba ta sake samun bishop nata ba sai a 1922.

Hajiya 'Yar Jutland ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya yi daidai da abin da na sani, sai dai ina so in ja hankali a kan batun kabarin Harald. Labarin binne shi a Roskilde ya zo ne daga Adam na Bremen, wanda ya yi rubutunsa a wajejen 1070, kusan shekara tamanin bayan mutuwar sarkin. A cikin majami'ar akwai ginshiƙai huɗu a wajen bagade da aka ce an saka ƙasusuwan magabata a cikinsu, an kuma zana hotunansu a jiki, amma na Harald ba a sami ƙashi a cikinsa ba. Haka nan da masu bincike suka gwada ƙwayoyin halittar ƙasusuwan da ake cewa na Estrid ne da na ɗanta Sarki Svend Estridsen, sai suka gano matar ba mahaifiyarsa ba ce. Don haka, Ɗalibi, idan ka tsaya gaban ginshiƙan nan, ka ɗauke su a matsayin shaidar abin da mutanen garin suka so a yarda da shi game da asalinsu, wanda shi ma tarihi ne mai daraja.

Game da tambayarka ta biyu, ni zan ba ka shawarar ka fara da bakin ruwa, ka bar majami'ar sai da rana. Ka gangara daga tudun ta cikin lambun gari zuwa gidan tarihin jiragen Viking, wato mayaƙan teku da fatake na arewacin Turai a zamanin da, wanda aka buɗe a 1969, domin a can ne za ka ga dalilin da ya sa aka kafa garin a wannan wuri tun farko. A wajejen 1070 mutanen Roskilde suka cika tsofaffin jiragen ruwa da duwatsu suka nutsar da su a wata ƙuntatacciyar hanyar ruwa kusa da Skuldelev, kimanin kilomita 20 arewa da garin, don su toshe wa mahara hanya. Masunta sun daɗe da sanin akwai tarkace a wurin, suna cewa jirgin Sarauniya Margrete ne. A 1962 aka kewaye wurin da shingen ƙarfe aka zuƙe ruwan, aka fito da gutsattsarin katako dubbai, aka shafe shekaru ana jiƙa su da magani don kada su bushe su farfashe, sannan aka harhaɗa su a kan ƙirar ƙarfe. Jirage biyar ne, amma lambobinsu 1, 2, 3, 5 da 6, saboda abin da aka fara ɗauka jirage biyu ne, na 2 da na 4, ya zama jirgi ɗaya ne mai tsawon gaske.

Darajar waɗannan jirage tana cikin bambancinsu. Akwai na dakon kaya mai faɗin ciki da aka ƙera da katakon pine a yammacin Norwe, irin wanda ke iya ratsa teku zuwa Aisilan. Akwai ƙaramin na fatauci a gaɓar teku. Akwai ƙaramin na yaƙi. Akwai na kamun kifi. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na 2, jirgin yaƙi mai tsawon kusan mita 30 da ke ɗaukar mutum sittin ko fiye, wanda zoben shekarun katakonsa ya nuna an sare itatuwansa ne a yankin Dublin ta ƙasar Ailan a wajejen 1042. Ma'aikatan gidan tarihin sun ƙera kwatankwacinsa da gatari da irin kayan aikin wancan zamani, suka tuƙa shi daga Roskilde zuwa Dublin a 2007, suka dawo da shi a 2008. Da ake faɗaɗa harabar gidan a 1996 da 1997 kuma sai aka ci karo da wasu jirage tara a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya daga cikinsu ya kai kimanin mita 37. Har yanzu ana sassaƙar jirage a harabar, kana iya tsayawa ka ga yadda ake tsaga gungumen itace a fitar da allo ba tare da zarto ba, da bazara kuma ana fita da baƙi cikin mashigin a ƙananan jiragen, su da kansu suke jan filafili.

Ɗalibin Ilmi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode, Hajiya. Yanzu na fahimci cewa makabartar ta girmi fadar. Sauran abu guda: na sha ganin sunan garin haɗe da wata yarjejeniyar sulhu da Suwidin. Shin tana da alaƙa da sarakunan da ke kwance a majami'ar, kuma akwai abin da ya rage a garin da ke tuna ta?

Malam Mai Tarihi ya amsa:

Tana da alaƙa sosai, ƙanena, domin ita ce rana mafi ɗaci a tarihin gidan sarautar. A 1657 Frederik na Uku ya shelanta yaƙi a kan Suwidin yana ganin sarkinta, Karl na Goma Gustav, ya shagala da yaƙi a Folan. Karl ya juyo da rundunarsa ta hanyar Jamus ya mamaye Jutland, wato yankin yammacin Danmak da ke haɗe da Jamus, sai aka yi wani hunturu mai tsananin da teku ya daskare, ya bi ta kan ƙanƙara da dawakai da manyan bindigogi daga tsibiri zuwa tsibiri har ya iso Sjælland a watan Fabrairun 1658, inda babu wanda ya shirya tarbarsa. A ranar 26 ga wannan wata aka sa hannu a Roskilde, Danmak ta sallama Skåne da Halland da Blekinge da tsibirin Bornholm, ta kuma sallama Bohuslän da yankin Trondheim daga ƙasar Norwe. Bornholm da Trondheim sun dawo a 1660, amma sauran sun tafi har abada, tare da birnin Lund, wanda ya kasance mazaunin babban bishop na Danmak tun farkon ƙarni na 12, kuma Absalon kansa ya riƙe kujerarsa. Wanda ya kalli taswira ya ga Kofanhegan a can gefen gabashin ƙasar, dab da iyaka, ya sani cewa kafin 1658 a tsakiyar masarautar take.

Frederik na Uku yana kwance a ɗakin da mahaifinsa Christian na Huɗu ya gina, kuma wannan ɗaki ne nake so ka daɗe a cikinsa. Christian na Huɗu ya yi sarauta daga 1588 zuwa 1648, shi ne ya ɗora wa hasumiyoyin majami'ar biyu dogayen tsinin nan siraran da ake hangowa daga nesa, kuma a bangon ɗakinsa akwai babban zane na yaƙin ruwa na 1644 inda ya rasa ganin ido ɗaya amma ya ƙi barin saman jirgi. Mutanen Danmak suna ƙaunarsa har gobe saboda gine-ginensa da jarumtarsa, ni kuwa ina ganin yaƙe-yaƙensa ne suka raunana ƙasar har ɗansa ya gaji rashin ƙarfin da ya kai shi ga 1658. Uba da ɗa suna ɗaki ɗaya, mai ziyara sai ya yi wa kansa hukunci.

Ba na tsammanin za ka ga wani babban abin tunawa da yarjejeniyar a titi, saboda gobarar 1731 da ta 1735 sun cinye yawancin tsohon garin. Gidan sarauta mai launin rawaya da ke jikin majami'ar an gina shi ne daga 1733 don sarki ya sami masauki idan ya zo jana'iza, kuma a cikinsa majalisar shawara ta tsibiran ƙasar ta riƙa zama daga 1835, kafin a sami kundin tsarin mulki na 1849.

Baba Ɗan Zongo ya amsa:

Jama'a, sannunku da ƙoƙari. Ni daga Akra nake rubutu, kuma ina so in ƙara wani abu da ya shafe mu kai tsaye, tun da Ɗalibi ya ce yana son fahimtar abin da yake kallo. A unguwar Osu da ke nan Akra akwai tsohuwar ganuwa a bakin teku mai suna Christiansborg, wadda mutanen Danmak suka gina bayan sun sami wurin a 1661, aka sa mata sunan Christian na Biyar, kuma akwatin marmara na wannan sarki yana cikin majami'ar Roskilde, a bayan bagade, ba nisa da na Margrete. Daga wannan ganuwa da sauran sansanoninsu na gaɓar nan aka riƙa loda bayi zuwa tsibiran Danmak uku na yankin Karibiyan, inda suka yi aikin rake, kuma an ƙiyasta mutanen da jiragen Danmak suka kwasa daga Afirka sun kai dubu ɗari. A 1693 mutanen Akwamu ƙarƙashin Asameni suka ƙwace ganuwar da dabara, suka mayar da ita bayan an biya su, amma suka riƙe mabuɗanta. Dokar hana safarar bayi ta fito a 1792 da sunan Christian na Bakwai, ta fara aiki a 1803, bautar kanta ba ta ƙare a tsibiran ba sai 1848 da bayin suka tashi, a 1850 kuma Danmak ta sayar wa Ingila duk abin da ta mallaka a gaɓar nan.

Dalilin da ya sa na kawo wannan, ɗana, shi ne idan ka shiga farin ɗakin Frederik na Biyar, wanda aka kammala a 1825, kuma mutane da yawa ke cewa ya fi kowane ɗaki kyau a majami'ar, za ka tsaya ne a tsakiyar sarakunan da cinikin bayi da sukari ya kai ƙololuwa kuma ya ƙare a zamaninsu. Ba ina cewa kada ka yaba aikin magina ba, ya cancanci yabo, amma ɗan Afirka ta Yamma da ya shiga wurin yana da haƙƙin ya karanta sunayen da ke jikin akwatunan da sanin abin da suke nufi a wannan gefen teku.

Hajiya 'Yar Jutland ta ƙara da cewa:

Baba, wannan ƙari yana da muhimmanci, Allah ya saka. Bari in cike wa Ɗalibi abin da ya rage na yini ɗayan. Jirgin ƙasa daga Kofanhegan bai kai rabin awa ba, kuma layin da za ka bi shi ne na farko a masarautar, an buɗe shi a 1847, tashar Roskilde kuwa tana nan da ainihin gininta. Daga tashar tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa zuwa dandalin kasuwa, inda za ka ga tsohuwar hasumiyar majami'ar Laurentius a jikin tsohon zauren gari, ragowar ɗaya daga cikin majami'un da Malam ya ce an rushe.

A cikin babbar majami'ar, ka ɗaga kai kusa da ƙofar yamma ka ga tsohon agogon da ke da mutum-mutumin waliyyin Kirista Jørgen (George) a kan doki yana sarar dodo duk lokacin da awa ta cika. A ɗakin Christian na Farko akwai ginshiƙin dutse a tsakiya da aka yi wa alamomin tsayin sarakunan da suka ziyarci wurin, har da Peter Babba na Rasha da Sarki Chulalongkorn na Siyam, wato Tailan ta yau. A ɗakin Christian na Tara aka ajiye gawar 'yarsa Dagmar, mahaifiyar sarkin Rasha na ƙarshe, daga 1928 har zuwa 2006, lokacin da aka mayar da ita birnin Saint Petersburg kusa da mijinta. A waje kuma, ta gefen arewa maso yamma, akwai kabarin Frederik na Tara, wanda ya rasu a 1972; jami'in sojan ruwa ne, ya so a binne shi a fili inda ake hangen mashigin, aka kammala masa wurin a 1985, matarsa Ingrid ta same shi a 2000. 'Yarsu Margrethe ta Biyu, wadda ta sauka daga gadon sarauta a watan Janairun 2024 ta bar wa ɗanta Frederik na Goma, tuni an shirya mata nata makwancin a ɗakin Birgitta, an rufe shi ana jira.

Ka duba lokutan buɗewa kafin ka tashi, domin majami'a ce da ake ibada a cikinta, ana rufe ta ga masu ziyara idan akwai ɗaurin aure ko jana'iza. Idan kuma so samu ne, ka kauce wa ƙarshen watan Yuni da farkon Yuli, lokacin bikin kaɗe-kaɗe da ake yi a kudancin garin tun 1971, wanda ke tara mutane fiye da dubu ɗari, saboda a wannan mako jiragen ƙasa suna cika maƙil kuma masauki yana wuyar samu.